Littattafan da Yusha'u Ya Bari a Adaka

Daminar bana ta cika shekara goma sha huɗu da rasuwar ƙanena, Malam Yusha'u, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da fiziks a wata sakandare a nan Birnin Kudu. Allah Ya jiƙansa, Ya kyauta makwancinsa. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan tara 'yan'uwa a yi masa addu'a, a raba waina, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don ni tsohon malamin gona ne, rubutun da na saba bai wuce rahoton taki da na saukar ruwan sama ba. Bana na ɗauki biro ne saboda wata magana da na daɗe ina dannewa, har 'yarsa ta zo ta sa na amayar da ita. Tun da wadda ta fi kowa haƙƙin ji ta riga ta ji, ban ga abin da ya rage in ɓoye wa sauran jama'a ba.

A Maruta aka haife mu, can ƙasar Gwaram, kuma shekara shida na ba shi. In faɗi gaskiya, a gona Yusha'u bai da wani amfani. Za a ba shi kunya uku ya nome, kowa ya kai ƙarshen tasa ya juyo, a tarar da shi a tsugune a ta farko yana kallon tururuwa. Baba ya yi faɗa har ya gaji ya sa masa ido. Akwai wata damina da aradu ta faɗa wa giginyar da ke bakin gonarmu, muka zubar da fartanya muka ruga kowa na salati. Sai da muka isa bukka aka lura ba ya cikinmu. Na koma a guje na same shi tsaye cikin ruwa, jikinsa na rawa, yana tambayata me ya sa ta zaɓi giginyar ta bar aduwar da ke gefenta. Na ja kunnensa har gida, ban kuwa ba shi amsa ba, don ba ni da ita.

Da tambayoyin nan ya shiga boko, da su ya wuce jami'a, har aka ɗauke shi zuwa wata ƙasar sanyi ya ƙaro karatu. Shekara biyu ya yi a can Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ya zo ta'aziyya da niyyar yin wata ɗaya. Inna ta ƙi cin abinci, ga ƙannenmu mata, ga ni kullum ina yawon ƙauyuka da babur. Wata ɗaya ya zama shekara, shekara ta zama aure, aure ya kawo Hafsatu, sai ga shi da alli a hannu. Ban taɓa jin ya ce kaico ba. Amma idan jirgin sama ya gifta yakan ɗaga kai ya bi shi da kallo fiye da yadda babban mutum ya kamata ya yi.

Sau ɗaya tak na zauna na saurari abin da ya je karantowa, shi ma don ba yadda zan yi ne. Ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, muna ƙarƙashin mangwaron gidana, tayar babur ɗina ta yi faci, ba inda za ni. Ya ce mini komai da nake gani, da ni da mangwaron da iskar da muke shaƙa, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. Kowace ƙwaya tana da cibiya a tsakiya, da wasu mitsi-mitsin abubuwa da ake kira ilektoron, waɗanda cibiyar ke riƙe da su da ƙarfin lantarki. Hasken rana ko na fitila ba ya iya raba su. Amma akwai hasken leza da ake tattarawa wuri guda, a sake shi cikin ɗan lokacin da ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, har ƙarfin lantarkin da ke cikinsa ya kusa kai na cibiyar kanta. A nan ne ilektoron ke kuɓucewa. Ƙwayar da ta rasa ilektoron sunanta ya koma ayon, kuma daga nan ba ta da ta cewa, duk inda ƙarfin lantarki ya ja ta nan za ta bi. Ya ƙara da cewa abin da ya faru da iskar da ke saman giginyarmu ke nan, kuma giginyar ta fi aduwa tsawo, shi ya sa ƙarfin ya taru a kanta. Amsar da na kasa ba shi yana yaro, shi ya kawo mini ita ina da furfura.

Da ya ga na fara hamma sai ya sauko da maganar inda zan gane. Ya ce in ɗauka akuya ce a cikin danga. Ƙarfin hasken yakan danne dangar ta gefe ɗaya har ta yi siriri, amma ba ta faɗi ba, akuyar kuma ba ta da ƙarfin tsallakewa. Duk da haka sai a duba a gan ta a waje, danga na nan yadda take. Na ce masa a Maruta idan aka ga haka, ɓarawo ake nema. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce su ma masanan sun daɗe suna nemansa. Sannan ya ce abin bai tsaya nan ba. Ƙarfin da ke cikin hasken yana juyawa ne gaba da baya, don haka bayan ya fizge ilektoron sai ya juyo ya koro shi da gudu, ya dawo ya yi karo da ayon ɗin da ya baro. Wani lokaci a karon sai wani ɗan gajeren haske ya fita, wani lokaci kuma ya tunkuɗe ɗan'uwansa na biyu da ya rage a ciki, su fita tare. Wannan na biyun shi ne abin da ya hana Yusha'u sakat. Yana son ya lissafa yaushe yake fita, da wane gudu, ta wace fuska.

Leza kuwa babu ita a makarantarsa, balle irin waccan. Ɗakin gwaje-gwajensu ma rabin kwalaben fanko ne. Da matajin roba da yagaggiyar takarda yake nuna wa ɗalibai jan lantarki. Wani zubin ya kwashe ajin gaba ɗaya zuwa wajen mai walda a bakin tasha, ya tsayar da su daga nesa ya hana su kallon wutar kai tsaye, ya ce shuɗin hasken can iska ce da aka raba ƙwayoyinta da ilektoron ɗinsu. Mai waldar ya taɓa tare ni ya ce, Alhaji, ƙanen nan naka lafiya kuwa, shekara ashirin ina walda yau aka ce mini iska nake ƙonawa.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Ga leza ana sayar da ita a faranti ranar kasuwa, 'yar jar fitila a jikin maƙalin makulli, ana tsokanar kyanwa da ita. Ga tsofaffin garinmu ana kai su Kano a gyara musu ido da ita su dawo suna karanta Alƙur'ani ba tabarau. Ga faifan sola a kan rufin gidaje har Kangire da Surko. Na san da sai ya tsaya a gaban mai farantin nan ya yi masa lacca ta awa ɗaya bai sayi komai ba. Na kuma san da ya samu wayar da ke hannun jikokina, wadda ake buɗe laburaren duniya da ita, da sai an riƙa kai masa abinci ɗaki.

Abin da ya samu a zamaninsa shi ne littattafan rubutu irin na 'yan makaranta da biro. Bayan la'asar zai shimfiɗa tabarma ya duƙufa, ya yi ta jera lambobi da wasu haruffa masu ƙugiya da wutsiya. Idan littafi ya cika ya jefa shi a wata koriyar adakar ƙarfe ya ɗauko sabo. Yana da wata ɗabi'a da ya taho da ita tun daga makarantar allo: ba ya fara shafi sai ya rubuta Bismillah da Larabci a samansa. Kowane shafi, gaba da baya, har wanda zai soke daga baya. Na sha yi masa tsiya cewa ko malaman zaure ba su kai shi ba. Ya ce, "Yaya, abin da nake leƙawa ba ni na halitta shi ba, ai sai da sallama."

Ciwonsa bai yi mako biyu ba. Bayan rasuwar dole aka bar gidan makaranta, matarsa ta koma Maruta ta yi takaba a wajen Inna, aka loda kayansa aka zuba a wani ɗaki kusa da zaure. Ɗakin yana yoyo, ba wanda ya lura. Kafin kaka ruwa ya shiga adakar ta wajen da ta yi tsatsa, gara ta bi, bangon littattafan ya saki. Matan gida suka ga takarda a banza suka fara zara. Ranar da Inna ta aika a sayo mata daddawa a maƙwabta aka kawo mata ita a ƙunshe cikin rubutun ɗanta, ranar gidan ya rikice. Inna ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ta san Bismillah ko daga nesa. Ta fita tsakar gida ta tsinci wani shafin a bakin kwata, kaza ta taka shi.

Ta aiko aka kira ni daga Birnin Kudu. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ta miƙo mini takardar ta ce, "Kai wannan, sunan Allah ne a bakin kwata. Kada a tashi yaron nan a tambaye shi abin da mu muka yi sakaci da shi."

Na tafi wajen limamin garinmu, Allah Ya jiƙansa, kuma ina so a ji wannan da kyau don kada wani ya ɗora masa laifi. Ya ce takardar da ke ɗauke da sunan Allah idan ana tsoron wulaƙantarta, a ƙona ta a binne tokar a wuri mai tsarki. Amma kafin nan sai da ya tambaye ni ko akwai mai bukatar abin da ke ciki. Na ce babu. Ya sake cewa ai ana iya bin shafukan da almakashi a yanke saman kawai, a ƙona shi, a adana sauran, haka ake yi da takardun gado da na filaye. Na ce Malam littafi talatin da wani abu ne, kowanne shafi gaba da baya, ga shi ana tsakiyar yankan riɗi, wanda idan ka ƙara masa kwana biyu sai ya zube maka a ƙasa. Ya ce to, ni na san kayan.

Ban san kayan ba. Na ɗauka lissafi ne na mutumin da ke rarrashin kansa, kamar yadda wani ke buga dara. Kuma tun da yau ranar gaskiya ce, akwai haushi a ciki. Littattafan nan sun sha raba ni da ƙanena yana zaune a gabana, in yi magana sau uku kafin ya ɗago. Washegari da hantsi na ɗora adakar a amalanke na kai gonarmu, na haƙa rami a gindin tsamiya, na ƙona su ɗaya bayan ɗaya, na rufe tokar, na yi addu'a. Na dawo gida zuciyata wasai, ina ganin na sauke wa mamaci nauyi. Inna ta sa mini albarka.

Hafsatu tana da shekara goma sha biyu lokacin, tana makarantar kwana, ba ta san an yi ba. A gidana ta ƙarasa girma. Ba ta ɗauko fuskar ubanta ba, amma ta ɗauko tambayarsa, har takan sa matata ta ce mata don Allah ta bar mutane su sha iska. Ta bi sawunsa a jami'a, ta fi shi sa'a, yanzu tana can waje tana digiri na uku, a ɗakin da ke da irin lezar da uban ya ƙare rayuwarsa yana kwatantawa da danga. Shekara uku da suka wuce ta kira ni a waya. Ta tono wata tsohuwar maƙala a laburare, sunan mahaifinta na cikin mutum uku da suka rubuta ta. A ƙarshen maƙalar an ce lissafin ilektoron na biyu zai zo a kashi na gaba, kuma kashin bai taɓa fitowa ba. Ta tuna adakar. Ta ce tana da yaƙinin abin da yake yi a kan tabarma ke nan duk shekarun nan, tana so ta ƙarasa shi, ta gwada shi da na'urar da ke gabanta, ya fito da sunansa da nata.

Na ce mata littattafan suna nan a Maruta. Ban san lokacin da maganar ta fita daga bakina ba. Daga nan kuma sai ƙarya ta yi ta haihuwa. Ta ce a ɗauki hotonsu da waya, na ce makullin ya ɓata. Ta ce a fasa, na ce sai ta zo da kanta, kayan marayu ba a taɓa su da ka. Inna ta riga ta rasu, mahaifiyarta ta ɗauka sauya wa adakar wurin ajiya kawai na yi, ba mai ƙaryata ni. Dattijo da ni, mai zuwa sahun farko, na zama idan na ga lambar waje a waya sai gabana ya faɗi.

Bana ta zo hutu. Kwana biyu da saukarta ta shirya tun da safe ta ce Maruta za mu. Na tuƙa mu a hanyar Gwaram, gero ya yi kai, ko'ina kore shar, tana ta ba ni labarin yadda yanzu ake iya bin motsin ilektoron da wancan ɗan gajeren hasken da ke fita a karo. Ina ta cewa ikon Allah, ban ji rabin abin da ta faɗa ba. Da muka isa garin na wuce ƙofar gidanmu ban tsaya ba. Na tsaya a bakin gona, muka taka zuwa gindin tsamiyar, na nuna mata ƙasa na faɗa mata duka, har da shawarar almakashi da na ƙi bi.

Ta daɗe tana kallon wurin. Ciyawa ce kawai da 'yar tafasa. Sannan ta ce, "Baffa, kun karanta ko shafi ɗaya kafin ku sa wutar?"

Na ce, "Layin farko kaɗai na iya karantawa."

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tsuguna ta yi wa mahaifinta addu'a kamar a nan kabarinsa yake, muka koma mota. Kwana uku ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Za ta durƙusa da safe ta gaishe ni yadda ta saba, ta kawo mini kunu, ta fita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ranar da za ta koma ta same ni a zaure ta ce ta yafe, ta san don Allah na yi, kuma da ita ce Inna da abin da za ta nema ke nan. Sai ta ƙara da maganar da har yau take ci na.

"Ba maganar fitar da sunansa ce ta dame ni ba, Baffa. Lissafin zan iya sake shi, kwamfuta za ta yi a mako ɗaya abin da ya ɗauke shi shekara. Amma ba zan taɓa sanin ko ya yi daidai ba. Ko kuskure ya yi ina so in gani, in san inda ya tsaya, in gyara masa."

Tun da ta tafi nake auna abin da ya rage na Yusha'u. Bai bar gida ba, bai bar gona ba sai rabonsa na gado. Ya bar 'ya da ta fi shi nisa, ya bar ɗalibai da yanzu wasu injiniyoyi ne, wasu malaman asibiti, wasu direbobi a layin Kano da ke ƙin karɓar komai a hannuna idan sun ji ni yayansa ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, na gode wa Allah. Amma aikin da ya fi so, wanda ya yi shi shi kaɗai ba mai tafa masa, ni na tashe shi daga duniya, da hannuna, da kyakkyawar niyya, don ina saurin komawa yankan riɗi. Har yanzu ina ganin daidai ne a kare sunan Allah daga bakin kwata. Laifina shi ne an tambaye ni ko akwai mai bukata, na amsa a madadin yarinya 'yar shekara goma sha biyu ban tambaye ta ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ma dalilin wannan dogon rubutu. Mahaifiyar Hafsatu ta tuna cewa Yusha'u yakan ba manyan ɗalibansa aron littattafan nan idan ya ga mai ƙwazo, kuma shi mutum ne da ba ya bin abin da ya ba da aro. Mai yiwuwa ɗaya ko biyu ba su koma adakar ba. Don haka ina roƙon duk wanda ya zauna a ajinsa, ko yana Kano ko Legas ko ƙauyensu, ya daure ya buɗe tsofaffin kayansa ya duba. Ko ya yage, ko gara ta ci rabi, ko shafi ɗaya ne ya rage, kada ya ce ba shi da amfani. Ya aiko a faɗa mini, duk nisan garin zan zo da ƙafata in karɓa. Ba zan iya karanta shi ba, amma yanzu na san wadda za ta iya.